Ni da Huhun Damo a Gaban Hajiya Dakta

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni ga manta sunayen 'ya'yana. (Yanzu ma sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nufi.) Ranar ce na tsaya a gaban ɗalibai hamsin da 'yan kai, da wata Dakta da ta taso takanas daga kwaleji, ina sanye da farar shaddata ta Sallah, na tafka abin da har gobe in na shiga kasuwar Bakori sai wani ya ɗaga murya daga rumfar masu taki ya ce, "Malam, ya numfashi?"

Bari in faro maka daga tushe.

Shekara goma sha huɗu na yi ina koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke ƙauyenmu, tsakanin Funtua da Malumfashi. Ni dai noma na karanta, difloma gare ni a aikin gona. Amma ka san makarantar ƙauye: in har ka iya bambanta akuya da tunkiya daga nesa, to kai ne malamin kimiyya. Haka aka wayi gari aka ɗora mini Bayoloji, na rungume shi hannu biyu, muna ta lallaɓawa ni da yara. Kwatsam sai ga umarni daga sama, wai duk malamin da ba shi da takardar koyarwa ya je ya nemo, in ba haka ba ya ba wasu wuri. Na shiga karatun ƙarshen mako, ni da tumbina da furfurata, ina zama benci ɗaya da yaran da ni na koya musu rubuta sunansu. Na jure. Na ci jarrabawoyi, wasu da ƙyar, wasu da addu'ar uwa. Saura abu guda: gwajin koyarwa, inda malama daga kwaleji za ta zo ta zauna a bayan aji ta ga yadda kake yi.

Wadda aka haɗa ni da ita sunanta Hajiya Dakta Rakiya. 'Yar siririya ce, tabarau a ƙarshen hanci, kuma ina kyautata zaton rabonta da dariya tun zamanin kwabo mai huji. Zuwanta na farko na zage na yi minti arba'in ina zuba, yara na ta faɗuwa don dariya, ni kuwa ina jin kaina a sama. Da muka fito ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, ka iya hira," in ji ta. "Da majalisar mai shayi aka turo ni dubawa, da ka cinye makin duka. Amma me ka nuna musu? Kimiyya da ido ake koyon ta. Zan dawo sau ɗaya tak. In na sake tarar da baki zalla, ka faɗi."

Faɗuwa kuwa ba wasa ba ce. Shugaban makarantarmu ya riga ya gaya mini, cikin tausayi, cewa ƙarshen zangon nan zai aika da sunayen masu takarda, kuma ba shi da ikon saka nawa in babu. Shekarata arba'in da shida a lokacin. Ban iya komai ba sai alli da surutu. Gonar da na gada kuwa, in ka tsaya a wannan bakin ka yi atishawa, sai maƙwabcin wancan bakin ya ce maka yarhamukallah.

Darasin da ya faɗo a makon dawowarta shi ne numfashin dabbobi, ɓangaren ƙadangare da danginsa. Na ce to, tunda ido take so, wallahi sai na cika mata ido.

Kwana huɗu ina zaune a zaure bayan la'asar ina karatu kamar mai shirin zama likita. Kuma tsakani da Allah abin ya ba ni sha'awa. Ashe ƙadangaren nan da muke jifa tun muna yara ba shi da shimfiɗaɗɗen naman nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san shi, wanda mu da shi muke jan numfashi. Shi da haƙarƙari kawai yake yi: ya buɗa su iska ta shiga, ya matse su ta fita, kamar zuga-zugin maƙeri. Huhunsa ma ba soso ba ne cunkus irin namu, jaka ce guda biyu, fili a tsakiya, jikin bangon daga ciki kamar saƙar zuma. Na karanta, na sake karantawa, har na fara kallon ƙadangarun katangarmu da mutunci.

Matsalar ita ce huhun ƙadangare bai fi ɗan yatsan jinjiri ba, 'yan bayan aji ba za su ga komai ba. Sai na tuna da babban wansa, damo. Na kuma tuna da Baba Tanko.

Baba Tanko shi ne maigadin makarantarmu, tsohon mafarauci, wanda ya fi shekara ashirin yana buɗe azuzuwa da safe yana rufewa da yamma. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya. Na same shi a bakin ƙofa yana gyaran ƙotar fartanya.

"Damo?" ya ce. "Ai yanzu lokacinsu ne, Malam. Ruwa ya zauna, sun fito suna ta kiwo. Yaushe kake so?"

"Talata, kafin ƙarfe goma sha ɗaya."

"An gama. Amma naman nawa ne."

Ranar Talata da safe na ce wa Hajara, matata, ta goge mini farar shadda. Ta tsaya da dutsen guga a hannu tana kallona.

"Baban Sadiya, farar shadda da fiɗar dabba? Ka sa tsohuwar rigar nan mai ruwan ƙasa mana."

"Dakta guda za ta zo daga kwaleji, in tare ta da rigar gona?"

"To," in ji ta. (Mai aure ya san irin wannan "to" ɗin. Ba yarda ba ce, ajiya ce.)

Wajen ƙarfe goma sai ga Baba Tanko ya ɓullo daga cikin masarar bayan makaranta, riƙe da wani ƙaton damo ta wutsiya, ya riga ya yanka shi. Tsawonsa ya kai hannuna. (In ina ba da labarin a majalisa yakan kai tsawon benci, amma yau gaskiya na zo faɗa.) Ya shimfiɗa mini shi a kan wani tsohon faranti, ya daddanna cikin da yatsa.

"Ka ga wanga tun hantsi yake cin abinsa a kunyoyin masara, cikinsa dam. Me za ka yi da shi ne, Malam?"

"Hura huhunsa zan yi a gaban yara su ga yadda yake tashi."

Ya sosa ƙeya. "To ka bari in shigo in kama maka mana. Damo ba rago ba ne fa."

"Haba Baba! Ka manta jikan wa nake? Kakana shekara arba'in yana fawa a kasuwar Bakori. Kowace Layya a gidanmu ni ake miƙa wa huhun rago in hura a ga lafiyarsa. Na hura huhu ya fi dubu!"

(Takwas ne. Na zauna daga baya na ƙirga.)

"To, Allah Ya ba da sa'a," in ji Baba. "Kada dai ka ɓata mini nama."

Na riga na aro tiyo wurin wani magini maƙwabcina, irin garai-garai ɗin nan da suke zuba wa ruwa su auna daidaiton gini, kaurinsa kamar yatsa, ana ganin duk abin da ke ciki. Na tsaga damo daga ƙirji zuwa mara, na rufe shi da tsohuwar jarida, na kai aji na ajiye a kan tebur. Ban gwada hurawa ba. Me jikan mahauci zai gwada?

Ƙarfe goma sha ɗaya daidai Hajiya Dakta ta shigo, ta wuce bayan aji ta zauna, ta buɗe fayil, ta cire murfin biro. Na yi bisimilla a zuci na fara.

Kai, in ka ga yadda na fara darasin nan da ka ce a ba ni kujerar farfesa. Na zana ƙadangare a allo (ya ɗan yi kama da kada mai ciwon baya, amma an gane). Na sa kowa ya dafa haƙarƙarinsa ya ja numfashi. Sannan na tambaye su, "Wa ya taɓa ganin ƙadangare ya yi gudu mai nisa bai tsaya ba?" Aka rasa. Na ce to ga dalili: in yana gudu jikinsa lanƙwasa yake dama da hagu. Ya lanƙwasa nan, huhun nan ya matse. Ya lanƙwasa can, na can ya matse. Naman da yake gudu da shi, da shi yake jan numfashi, kuma ba ya iya yi masa aiki biyu a lokaci guda yadda ya kamata. Shi ya sa yake fyallawa da gudu, ya tsaya cak ya sha iska, ya sake fyallawa.

Don su gani da ido, na tattare shadda, na kwashi tumbina na ruga daga allo zuwa ƙofa ina karkaɗa ƙugu dama da hagu, na tsaya cak ina haki. Hakin na gaske ne. Aji ya kaure da dariya. Na ce amma shi damo ya fi ƙanensa dabara: yana da jaka a maƙoshi, yakan cika ta da iska ya tura cikin huhu ko yana cikin tafiya, shi ya sa yake wuni yana yawon kiwo bai gaji ba.

Wata yarinya a layin gaba, Zainab, wadda ba ta barin kalma ta faɗi ƙasa ba ta rubuta ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, to gyaɗa kan nan da ƙadangare yake yi a kan katanga fa? Ba numfashi yake ja ba?"

"Ko kusa. Fankama ce kawai. Gaya wa sauran maza yake katangar nan tasa ce, matan kuma su ga jan kai. Kamar dai samarin garin nan in sun sayi sabon babur."

Na saci kallon bayan aji. Wallahi na ga gefen bakin Hajiya Dakta ya motsa. Kaɗan ne, kamar ƙuda ya sauka ya tashi, amma ya motsa. Wannan motsin shi ya kashe ni. Nan take kaina ya kumbura ya fi hulata.

"Yanzu," na ce da murya irin ta mai tallan magani a tasha, "abin da kunne ya ji, ido zai gani!"

Na yaye jarida. Aji ya ɗauki "Kai!" 'Yan mata suka ja baya, maza suka hau benci. Na duƙa a kan wuyan damo, inda Baba ya yanka, ina neman hanyar iska.

To a nan ne jinin fawa ya ci amanata. A wuyan rago, bututun iska shi ne babba, a buɗe yake hangam yana kallonka, ko makaho ya laluba zai same shi. Hanyar abinci kuwa a lafe take a bayansa. Da na duba wuyan damo sai na ga wata ƙatuwar kafa, wadda yatsuna biyu za su shige ba gardama. A gefenta ga wani ɗan siririn abu kamar silin taliya, ya noƙe cikin nama. Na ce wannan jijiya ce, na ture shi gefe. Ban tsaya na yi tunanin cewa dabbar da ke haɗiye kwaɗo sukutum dole hanyar abincinta ta fi komai faɗi ba. Na zura tiyo a babbar kafa, na tura ya shige sosai, na ɗaure da zare tamau don kada iska ta zurare. Na cika kumatu na hura.

Wani abu ya motsa a cikin damo. Na sake hurawa. Sai ga wata farar jaka tana tasowa daga gefen hagu, tana ture hanta, tana kumbura kamar balan-balan ɗin Sallah.

"Allahu Akbar!" in ji wani daga baya. Aji ya ɗauki tafi.

Na toshe bakin tiyo da babban yatsa, na buɗe hannu ɗaya kamar mai karɓar kyauta. "Ga huhun damo! Ku kalla da kyau, ku rubuta!"

Hajiya Dakta ta tashi daga kujerarta. Ta tako a hankali har gaban tebur, fayil a ƙirji, ta leƙa ta saman tabarau.

"Malam, ɗazu huhu nawa ka ce yana da su?"

"Biyu, Hajiya."

"To ina ɗayan?"

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ce, "Yana ƙasa, Hajiya, kunyar baƙi yake ji. Yanzu zai fito." Na mayar da tiyo baki na hura da dukkan ƙarfin da tuwon masarar shekara arba'in da shida ya tara mini. Na hura har idanuna suka yi ja, har na ji kunnuwana sun toshe. Jakar ta yi tamtsan-tamtsan tana sheƙi. Na biyu bai fito ba. Na ce a raina bari in wuce gaba da sauri kafin ta sake tambaya.

"Kashi na biyu, fitar da iska! Tafin hannuna shi ne haƙarƙari. Zan matsa, ku kuma ku zuba ido a gemuna, za ku ga iskar tana kaɗa shi."

Na saita bakin tiyo daidai haɓata. Na ɗaga yatsa. Na ɗora tafin hannu a kan jakar na danna.

Shiru. Ko gashi ɗaya bai motsa ba.

Na ƙara dannawa. Ni idona yana kan aji, ina murmushi. Su kuwa idonsu yana kan tiyo, kuma ka tuna na ce maka garai-garai yake. Abin da suke gani, wanda ni ban gani ba, shi ne wani baƙin abu mai kauri ya shigo tiyon daga ƙasa yana hawowa sannu a hankali, kamar jerin motocin hatsi a hanyar Dandume.

"Malam! Malam!"

Na ɗauka kirari suke yi mini.

"Malam, tiyo! Malam!"

Na sakar wa jakar dukkan nauyina, na buɗe baki zan ce su yi shiru su kalla.

Ban kai ga "shiru" ba.

Ɗan'uwa, duk abin da damon nan ya ci tun hantsi a gonakin bayan makaranta, da na jiya da bai gama narkewa ba, ya fito da ƙara kamar an fasa tayar babur. Kaso na farko ya shige bakina, tunda a buɗe ya same shi. Na biyu ya rabu tsakanin gemu da hanci da tabarau. Sauran ya sauka a gaban farar shadda tun daga wuya har aljihu. Wari kuwa, kada ka so ka ji. Na taɓa shiga kwatar mahauta da azahar a watan zafi, amma wannan ya shafe ta. Ina da yaƙinin tsuntsayen da ke kan bishiyar mangwaron makaranta sun yi ƙaura a ranar.

Sannan wata murya daga tsakiya ta ce, cikin ladabi ƙwarai, "Malam, ga ƙafar fara a gemunka."

"Wallahi wancan ƙadandoniya ce!"

"Har da ɓawon katantanwa!"

Sai kuma ga wata murya daga taga, a natse, irin ta wanda ya daɗe da sanin haka za ta faru. Baba Tanko ne, ya jingina da fartanyarsa.

"Malam, ai tumbi ka hura."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, girgizar ƙasa ce. Wani ya faɗo daga benci. Wasu suka rungume juna suna hawaye. Ni kuwa ina tsaye da tiyo a hannu, wani abu mai ɗaci yana zagaya harshena, ina lissafin ko in na fita ta taga na miƙe cikin masara zan kai Matazu kafin magariba. Aiki ya tafi, na gaya wa kaina. Shekara goma sha huɗu, da karatun ƙarshen mako, da komai, sun bi ta tiyon magini.

Hajiya Dakta ta yi tsalle baya tun farko, ta toshe hanci da gefen mayafi. Ɗigo biyu sun sauka a kan fayil ɗinta. Ta dube su. Ta dube ni. Ta duba agogon hannunta.

"Malam, saura minti goma sha biyu. Aji naka ne."

Ba zan ɓoye maka ba, harshena ya riga ya shirya ƙarya uku, duk masu kyau. Zan iya cewa da gangan na yi don su ga abincin damo. Zan iya cewa damon ne mara lafiya. Zan iya ɗora wa Baba laifi in ce ya yanka ba daidai ba. Na share tabarau da gefen hula zan fara, sai idona ya faɗa kan littafin Zainab a layin gaba. Da kyakkyawan rubutunta ta rubuta, har da jan layi a ƙasa: "Huhun damo fari ne, babba, yana gefen hagu." Haka za ta haddace shi. Haka za ta rubuta a jarrabawa. Wata rana ma haka za ta gaya wa 'ya'yanta, ta ce Malam ne ya nuna mana da idonmu.

Na fita bakin ƙofa, na ɗauki buta na kurkure baki sau bakwai, na dawo.

"To, dariya ta isa haka, ku rage ta gobe," na ce. "Kowa ya ɗauki biro ya soke abin da ya rubuta yanzu. Malaminku ya yi kuskure. Wannan tumbi ne, ba huhu ba. Na ɗauka wuyan damo irin na rago ne, an kuma gaya mini ba haka ba ne, na ƙi ji. Wanda ya gaya mini ga shi can a taga. Baba, don Allah shigo ka nuna mana."

Baba Tanko ya yi turus. "Ni, Malam? Cikin aji?"

"Kai fa, Baba. Yau kai ne malamin."

Ya jingine fartanya. Ya zagayo. A bakin ƙofar da ya shekara ashirin yana kullewa, sai ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama, sannan ya shigo. Ya zare tiyona ya ajiye can gefe kamar abin da ba ya son ya sake gani. Ya sa farce ya jawo ɗan siririn abin nan da na ture.

"Kun ga wanga mai zobba-zobba? Shi ne na iska. Sai dai a samo abu siriri, wancan tiyon ai na ban-ruwa ne."

Aka shiga dube-dube. Kafin kowa ya motsa, Hajiya Dakta ta zaro bironta, wanda take rubuta makina da shi, ta cire bututun tawadar, ta miƙa masa fankon.

"Gwada wannan, Baba."

Ya sa bakin biron a hankali, ya riƙe da yatsu biyu. "Ba da ƙarfi ake yi ba," ya ce, bai dube ni ba, amma kowa ya san da wa yake. "Kamar kana hura wa jinjiri kunu."

Ya hura.

Daga can ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu, manne da gadon baya, wasu abubuwa biyu suka taso tare. Launinsu ja-ja mai haske, sirara har kana hango 'yan jijiyoyin jini a jikinsu kamar zare. Suka cika ƙirjin, haƙarƙarin ya buɗe da kansa. Baba ya saki, suka kwanta. Ya sake hurawa, suka sake tashi. Ajin da ɗazu ake jin ihunsa daga bakin titi ya yi shiru har kana jin kukan kurciya a waje. Ni kaina, da na kwana huɗu ina karanta abin nan, ban san haka yake da kyau ba.

"Shi ya sa in kun tare shi a bakin rami yake kumbura ya yi biyun kansa yana huci," in ji Baba. "Iska ce ya cika. Tsoro yake ba ku, shi ma tsoron yake ji."

Na dawo hayyacina na kama aiki. Baba na hurawa, ni ina bayani, yara na zuwa layi-layi suna leƙawa, kowa da hannu a hanci saboda ni, ba saboda damo ba. A ƙarshe na roƙi Baba ya tsaga huhu ɗaya, suka ga ɗakuna-ɗakunan da ke ciki da 'yan ramukan nan kamar saƙar zuma. Aka buga ƙarfen tashi, babu wanda ya motsa.

Bayan an watse Hajiya Dakta ta kira ni gindin mangwaro. Na lura ta zaɓi ɓangaren da iska ke fitowa ta tsaya. Ta mayar da tawadar cikin wani biron aro tana rubutu, ni kuwa ina tsaye kamar wanda ake karanta wa hukunci.

"Malam, ba ka gwada kayan aikinka kafin darasi ba. Na rage maki."

"Haka ne, Hajiya."

"Ba ka tanadi ruwa da sabulu ba. Na rage. Na tambaye ka ina huhu na biyu don ka farga, ka ce mini kunya yake ji."

"Na faɗa, Hajiya."

"Na rage." Ta rufe fayil. "Shekarata goma sha tara ina wannan yawon. Na ga malamai sun yi kuskure a gaban allo ba adadi. Yawancinsu sai su murje ido, yara su tafi gida da kuskuren. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya da ƙafar fara a gemu ya ce a soke, sannan ya kira maigadi ya koyar ba. Ka ci, Malam. Da ƙyar, amma ka ci."

Na buɗe baki zan yi godiya, ta ɗaga hannu da sauri.

"Yi daga nan. Kuma har yanzu tana nan, ta gefen hagu."

Na shafa gemu na ciro ta. Sai a lokacin Hajiya Dakta Rakiya ta juya baya, ta dafa bishiyar mangwaro, kafaɗunta suka kama rawa. Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share hawaye. Ni ne mutumin da ya karya wannan dogon azumin, kuma da abin da na karya shi ke nan.

Da na isa gida Hajara ta tsaya a tsakar gida ta dubi shaddar tun daga sama har ƙasa. Ta ɗauko sanda ta miƙo mini daga nesa ta ce in rataya a kai. Sannan ta fito da "to" ɗin nan da ta ajiye tun safe, ta ce, "Rigar gona dai tana nan a goge." Da la'asar Baba Tanko ya aiko mini da farfesun damo a kwano, wai ladan haɗin gwiwa. Na yi godiya, na ba maƙwabta.

Sunana ya shiga cikin jerin da aka aika, ina nan ina koyarwa har yau. Duk shekara in darasin ya zagayo, Baba ke kamo damo, shi ke hurawa, ni ina gefe da rigar gona ina bayani. Ya ma fara gyara mini zanen allo.

Abin da na koya? In wanda ya fi ka sanin abu ya ce bari ya kama maka, ka bar shi ya kama, ko da kakanka shi ne Sarkin Fawan duniya. In kuwa girman kai ya hana ka, har ka hura abin da ba ka tabbatar ba, to ina roƙonka don Allah, ka juya bakin tiyon ya kalli taga, kuma ka rufe naka.